Roƙon Kawu Apisalome

Dabara ɗaya tak Sakiusa yake da ita ta riƙe koci, kuma shekara bakwai tana yi masa aiki. Duk farkon kakar wasa sai ya nemo ƙullin saiwar yangona mai kauri, wadda ake roƙon alfarma da ita a al'adarsu ta tsibirin Fiji, ya ɗaura zanensa na zuwa coci, ya ja dattawa biyu zuwa gidan kawunsa Apisalome. A zauna a tabarma, a tura saiwar gaban tsohon, a roƙe shi ya ƙara wa ƙungiyar zari-ruga ta ƙauyen shekara guda. Wanda aka ajiye wa yangona a gabansa kuwa ba shi da bakin cewa a'a, sai dai ya tafa sau uku ya karɓa. Har alfahari Sakiusa yake yi da wannan wayo, shi shugaban ƙungiya.

Bana ma abin da ya shirya ke nan. Ranar Juma'a za a rufe rajistar gasar gunduma, ƙungiyar da ba ta rubuta sunan koci ba kuwa 'yar kallo za ta zama. Malamin makarantar da suka sa ran zai zama koci an yi masa canjin wurin aiki zuwa Suva, babban birnin ƙasar. Ba su da kowa sai Apisalome.

Ranar Laraba da hantsi Sakiusa yana goge zanen, matarsa Torika ta leƙo.

"Ajiye gugar nan, an riga ka," in ji ta. "Ga Kawu nan tafe da ƙulli a hammata."

Tsohon ya shigo a sunkuye, ya zauna dab da ƙofa, wurin masu neman alfarma. Sakiusa ya ajiye zanen.

"Kawu, ka matso ciki mana."

"Yau nan ne wurina, ɗana."

Ya ajiye saiwar, ya tura ta da hannu biyu, ya yi gaisuwar gida da ta dangi bai tsallake kowa ba. Sannan ya ce roƙo ya zo yi, a sallame shi daga aikin koci. Idanunsa sun tafi. In ya tsaya a gefen fili ba ya bambance rigarsu da ta abokan karawa.

"Bara samarin ne ke raɗa mini wanda ya ci," ya ce. "Ni kuma in gyaɗa kai kamar na gani."

Sakiusa ya dubi saiwar. Hujjoji wajen uku suka zo masa baki, ya haɗiye su, don ya fi kowa sanin ba a yi. Ya tafa sau uku.

"To sunan wa zan rubuta ranar Juma'a?"

"Naka wuyar rubutawa gare shi? Gudu dai ba ka taɓa iyawa ba, amma Allah ya ba ka baki. Rabin aikin ke nan."

Torika ta yi dariya daga madafa. Shi bai yi ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun ƙuruciya.

"Tun yaushe idon, Kawu?"

"Shekara huɗu ke nan."

"Amma ba ka taɓa faɗa mini ba."

Apisalome ya laluba bango ya miƙe a hankali.

"Yaushe zan faɗa, ɗana? Ko sau ɗaya ba ka taɓa zuwa gidana don ka gaishe ni kawai ba."