Sabon Agogon Motar Malam Kabo

Zailani ya kwance notin ƙarshe, ya zaro allon agogon motar a hankali, wayoyi na reto a bayansa. Ya ɗora shi bisa cinyarsa yana juya shi.

"Maigida, wanne ka ce ya mutu a ciki?"

"Duk," in ji Malam Kabo. "Na zafi, na mai, na gudu. Cire su ka sa mini waɗannan."

Yana tsaye jikin ƙofar motar, rungume da kwali. Shekara talatin da ɗaya yana jigilar fasinja daga Daura zuwa Mai'adua da Kongolam, kuma a hannunsa Zailani ya fara sanin mota, lokacin yana yi masa karen mota, kafin ya koyi gyaran waya ya buɗe wannan rumfa tasa a bayan tasha. Yanzu Zailani ya yi furfura a gemu, yana da 'ya'ya biyar, amma bai daina ce masa Maigida ba.

Ya karɓi kwalin ya buɗe. Agogo uku ne masu da'ira, kowanne kamar faɗin murfin kofi. Ba allura a jikinsu. Lambobi suke nunawa, manya, da jan haske. Wani direba ne ya sayo masa su daga Kano.

"Bari dai in gwada tsohon tukuna," in ji Zailani.

Ya mayar da wayoyin, ya tayar da injin. Suka jira. Allurar mai ta tashi ta tsaya a rabi. Can kuma ta zafi ta motsa, ta hau sannu a hankali, ta zauna inda ya kamata. Ya taka totur, ya saki, ya sake dubawa.

"Maigida, lafiyarsu lau. Ga shi nan kana gani."

Malam Kabo ya sunkuyo ya leƙa. Baƙin allo kawai ya gani, da wani fari-fari a kansa. Ya miƙe.

"A nan suke yin haka. Ran Lahadi, ina dawowa daga kasuwar Mai'adua da mutum shida, sai da tururi ya turnuƙe gaban motar na san ta yi zafi. Ruwan lagireto ya ƙare ƙaf. Da ta nuna, ai da na tsaya."

Zailani ya dube shi, ya daɗe, sannan ya kashe injin.

"To, Maigida. Zauna a benci, kafin azahar na gama."

Malam Kabo ya zauna ƙarƙashin darbejiya. An yi ruwa da asuba, ƙasa na da laima, daga tasha ana jin kamasho na kiran masu zuwa Kongolam. Ya san bai faɗi gaskiya ba. Ran Lahadin nan, matar da ke zaune a gaba ta ce da shi, "Baba, wannan abin ya kai ja fa," ya ce mata haka yake kullum. Bai ga allurar ba sam.

Abin ya fara ne bayan babbar sallar bara, a idon dama. Kamar an shafa wa gilashi koko an bar shi ya bushe. Da damina ta kama sai na hagu ma ya soma. Ya daina tuƙi in rana ta yi sanyi, ya ce wa abokan aiki bayansa ke ciwo. Fasinjojinsa da murya yake gane su. Hanyar kuwa a kansa take: ya san inda kowane rami yake, ya san kwanar da awaki ke kwanciya a kan kwalta. Ya gaya wa kansa cewa allurar nan ce kawai ta gagare shi, don siririya ce. In aka sa masa mai manyan lambobi, shi ke nan.

Ko Adama, matarsa, bai gaya mata ba. Yana tuna kawunsa da idonsa ya rufe, ya ƙare rayuwarsa a kan tabarma a ƙofar gida, sai an zo an ɗaga shi in rana ta cim masa. Kuma ya san ranar da maganar ta shiga tasha, ranar za a cire sunansa daga layin lodi. Akwai yara biyu a makaranta, ga 'yarsa Zaituna da ke karatun ungozoma. Duk da wannan motar ake yi.

Zailani ya yi aikinsa ba hira. Ya mayar da tsohon allon mazauninsa, ya huda saman dashbod, ya jera sababbin agogunan uku daidai gaban sitiyari. Ya ja waya ɗaya zuwa kan injin, ɗaya zuwa tankin mai, ɗaya ƙarƙashin motar, ya naɗe kowane haɗi da baƙin salatif. Da aka kira azahar suka yi salla a masallacin makanikai, suka dawo.

"Bismillah, Maigida."

Malam Kabo ya shiga ya murɗa makulli. Lambobin suka kama, jajawur. Ya jira injin ya ɗau zafi.

"Zafi tamanin da biyu," ya karanta da ƙarfi. "Mai rabi. Ka gani? Wannan shi ne agogo."

"Sai mun gwada na gudun a kan hanya. Mu je in raka ka."

Suka fita gari suka kama hanyar Mai'adua. Gero ya yi tsayi hagu da dama. Rana ta fito sosai, tana dukan ruwan da ya kwanta a gefen kwalta, hasken na dawowa cikin gilashi. Malam Kabo ya ƙanƙance ido. Arba'in. Hamsin da biyar. Sittin. Yana karantawa yana murmushi, har ya fara ba Zailani labarin ranar da suka kwana biyu a Kongolam saboda taya.

"Maigida, burki."

Zailani bai ɗaga murya ba, amma hannunsa ya riga ya finciko burkin hannu. Malam Kabo ya taka nasa da dukkan ƙarfinsa. Motar ta ja ƙasa, ta karkace, ta tsaya.

Sai a lokacin ya ga abin da ke gabansa. Amalanken shanu ne ya fito daga hanyar gona, fararen bijimai biyu na ja, an ɗora ciyawa, wata mata na zaune a sama da goyo. Tsakanin hancin motar da ƙafar amalanken bai kai kamu ɗaya ba. Mai shanun ya tsaya da sandarsa a hannu, ya dubi tsohon da ke riƙe da sitiyari.

"Baba, tun daga can nake ɗaga maka hannu."

Zailani ne ya leƙa ya ba da haƙuri. Mutumin ya girgiza kai, ya kaɗa shanunsa suka tsallake. Jaririn ya fara kuka, kukan ya yi ta nisa cikin geron.

Malam Kabo ya gangara gefen hanya ya kashe motar.

"Yaushe ka gan su?" ya tambaya.

"Tun daga wajen gawon can."

Malam Kabo ya waiwaya. Bai ga wani gawo ba.

"Ka sani tun da safe," ya ce.

"Na yi zato. Ɗazu da na miƙo maka makullin, gefen hannuna ka kama." Zailani ya sunkuyar da kai. "Ban san yadda zan faɗa maka ba, Maigida. Kai ka koya mini duba hanya."

Wani mai babur ya wuce da buhuna biyu, ya yi musu hon.

"In na ajiye motar nan, Zailani, me zan zama?"

"Ba a ce ka ajiye ba. Surukata haka nata ya yi, fari-fari a tsakiyar ƙwayar. Yanar ido ce, aka ce. Aka yi mata aiki a ɗaya, bayan wata biyu aka yi ɗayan. Yanzu ita ke tsince wa matata shinkafa."

"Wasu kuma an taɓa ya ƙarasa rufewa."

"Allah ne masani. Amma a haka ma rufewar yake yi. Motar kuwa, ƙanena Maliki yana da lasin, ba ya da mota. Ya riƙe maka layinka har ka warke. A tasha a ce bayan ne ya matsa."

"A'a," in ji Malam Kabo. "In za a faɗa, a faɗi gaskiya. Na gaji."

Ya zaro wayarsa, ya miƙa wa Zailani ya nemo masa lambar Adama. Da ta ɗauka ya yi gyaran murya sau biyu.

"Adama, idon nan nawa ne. Ba na gani sosai. Zan je asibiti."

"Alhamdu lillahi, Malam. Wata huɗu ke nan ina ajiye maka buta da takalmi wuri ɗaya, don kada ka yi ta lalube. Zaituna ta ce Talata da Alhamis likitan ido ke zama. Yau Talata. Bari in sa mayafi in same ku can."

Ya sauke wayar. Ya zauna ɗan lokaci yana shafa sitiyarin da tafin hannu, inda fatar ta sule saboda riƙo. Sannan ya buɗe ƙofa ya fito, ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, Zailani kuma ya zagaya ta baya.

Kujerar fasinja ta yi masa wani iri. Bai san inda zai sa ƙafafunsa ba. Ta dama sai neman burki take yi. Zailani ya juya motar suka nufi Daura. Gonaki na wucewa kamar koren hayaƙi, mutane kamar inuwa. Abu ɗaya ne yake gani tangaran a duk duniyar, jajayen lambobin nan uku.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Zailani."

"Na'am, Maigida."

"Saba'in kake yi. Akwai rami gaban kwalbatin nan, ta hagu."

Zailani ya ɗaga ƙafa, ya kauce dama.