Jifan Aro

Lonnie Brubaker ya lashi yatsunsa, ya mari cinyarsa, ya zaro harshe ta gefen baki, sannan ya karɓi ƙwallo ya ja da baya ya jefa. Tun kafin ta sauka 'yan tsaron bayan ƙungiyar Omaha suka fashe da dariya.

"Na rantse da Allah shi ne!" in ji Mabry, ƙaton da ya fi kowa nauyi a cikinsu. "Dattijo, har da harshen? Matar Tanner Holt ma sai ta bi ka gida."

Aikin Lonnie ke nan a wannan wasan ƙwallo da ake jefawa da hannu, ana bangazar juna. Kowace ƙungiya tana da mai jifa na ɗaya da jama'a ke zuwa kallo, da na biyu da ke jiran na ɗaya ya karye. Lonnie na uku ne. A wurin atisaye sai ya rikiɗe ya zama mai jifan abokan karawar wannan makon, don 'yan baya su saba da shi kafin ranar wasa. A wannan makon da ƙungiyar Tulsa za su kara, saboda haka tun Litinin shi ne Tanner Holt, mai jifanta na ɗaya.

Da wannan sana'a ya tsufa. Ya yi Kanada har farcen ƙafarsa ya cire don sanyi. Ya yi gasar cikin zaure a Iowa, inda ake maka mutum da bango. Ya yi wata bazara a Jamus, ya kuma yi wata gasa da ta mutu tun kafin a gama ɗinka musu riguna. Ko'ina ana sonsa, ba a dai taɓa fara wasa da shi ba.

Ana cikin atisayen koci ya yafito shi.

"Tanner Holt ya faɗo daga rufin gidansa yana gyaran indararo, kafaɗa ta goce. Na biyunsu yana asibiti tun makon jiya. Tulsa sun ce kai suke so, da kai za su fara ranar Asabar."

"Da ni? A kanku? Koci, ai na san duk dabarunku."

"Ka sani," in ji kocin, ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya kiyaye hanya."

Ko ɗan ja-in-ja ba su yi ba kafin su sake shi. Wannan ya yi wa Lonnie ciwo, amma murna ta danne ciwon.

Matarsa Rhonda ba ta ɓata lokaci ba. Ita da ta daɗe da daina cire kwanoni daga kwali, kafin rana ta take ta gama loda a-kori-kurarsu, ita ce kuma a kan sitiyari. Suka miƙi hanyar kudu, gonakin masara hagu da dama. Lonnie sai surutu yake yi. Za a kira sunansa a lasifika. Ba rigar wani, ba harshen wani. Ranar Asabar mutane za su ga yadda Lonnie Brubaker yake jifa.

"Yaya yake jifan?" in ji Rhonda, idonta a kan titi.

Ya yi ta laluben yadda jifan nasa yake, ya kasa tunawa.

Da suka tsaya shan mai a wani ƙauyen Kansas, ya ɗauko ƙwallo daga bayan kujera ya zagaya bayan gidan man. Akwai wata tsohuwar taya jingine da shinge. Ya auna ta ya jefa. Ƙwallon ta shige tsakiya.

"Wannan ai jifan ɗan wasan Calgary ne, mai gemun nan," in ji Rhonda tana cin soyayyen dankali.

Ya ɗauko ya sake.

"Dogon nan na Memphis."

Ya sake, har da cije leɓe.

"Tanner Holt. Mai da harshenka ciki, mutane na kallo."

Gumi ya keto masa. Ya laluba aljihu ya kira Mabry, don ya san al'ada: yanzu haka a Omaha dole wani ya zama Lonnie Brubaker a wurin atisaye. In ya ji yadda ake yin sa, ƙila ya tuna.

Mabry ya ɗauka yana haki don dariya.

"Dattijo! Ka bar mu cikin bala'i. Koci ya tara mu ya ce wa ya san yadda Lonnie yake jifa. Shiru kake ji. Aka nemi hoton wasanka, babu. Can sai mai buga mana ƙwallo da ƙafa ya ce shi ya iya."

"To, yaya ya yi?"

"Ya je bakin fili ya juya hula baya, ya harɗe hannu, yana taunar cingam. Jim kaɗan sai ya tafa ya ce, 'Yauwa samari, haka nake so!' Dattijo, har ƙasa na kwanta. Kai ne sak!"

Lonnie ma ya yi dariyar, don bai san abin da zai yi ba in ba ita ba. Da ya kashe wayar sai ya zauna a kan wani bokiti. Abin ya shige shi sosai. Mutum ya haura talatin da biyar, gwiwa ta lalace, kafaɗa tana ƙara kamar ƙofar gareji, a ce duk abin da aka sani nasa cingam ne da tafi.

Rhonda ta kakkaɓe gishirin hannunta ta zo ta tsaya a kansa.

"Ni na taɓa ganin naka."

"A ina?"

"A sakandarenmu mana, nan Kansas. Ina layin gaban 'yan badujala da ƙaho a hannuna, kai kana fili. Ban taɓa ganin mummunan jifa irinsa ba. Daga ƙugu kake sako ta, a karkace, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Babana har rufe ido yake yi."

"Shi ne masu horarwa na jami'a suka raba ni da shi. Sun ce da wannan ba inda za ni."

"To da nasu ina ka je?"

Ya tashi ya ɗauki ƙwallon, ya saki kafaɗa, ya bar hannun ya sauka inda ya ga dama. Ta fita a karkace tana rawa, ta wuce taya, ta wuce shinge, ta daki ƙofar rumbun wani manomi har kare ya hau haushi.

"Subhanallahi, muninsa na nan yadda yake," in ji Rhonda, amma idonta ya ciko. "Je ka ɗauko kafin karen ya riga ka."

Rana ta yi sanyi sanda suka isa filin Tulsa. Koci Dupree, wani gajere mai muryar tarakta, bai ko bari Lonnie ya gama ɗaure takalmi ba.

"Saurara, ɗana. Ba mu da lokacin sauya komai. Yarana da ƙwallon Tanner suka saba. An ce duk ƙasar nan ba mai yin Tanner kamarka, shi ya sa na aiko a kawo ka. Ba ni Tanner."

Ashe ba shi aka kira ba. Lonnie ya waiwaya, ga Rhonda can jikin shingen waya ta harɗe hannu.

"Koci, zan iya ba ka shi," ya ce a hankali. "Na bara ma zan iya, wanda ya fi na bana. Sai dai tun Litinin nake koya wa 'yan Omaha yadda ake kama shi. Ko atishawa zai yi sun san ta wane hanci."

Dupree ya cire hula ya sosa ƙeya. Da gani wannan bai zo masa a rai ba.

"To cikin mutanen da kake yi, akwai wanda ba su taɓa gani ba?"

"Akwai guda ɗaya."

"Mu gani."

Mai cafkar ƙwallo ya ruga ya yanki tsakiyar fili. Lonnie ya ja da baya ya sako ta daga ƙugu. Wani daga benci ya ce, "Kai, mene ne wannan?" Ƙwallon ta bi ta ƙarƙashin hammatar mai tsaro tana rawa, ta dira a ƙirjin mai cafka har sai da ya yi tari.

Dupree ya daɗe yana kallon wurin, fuska a yamutse kamar ya sha magani.

"Tunda nake ban taɓa ganin ƙazamin jifa irin wannan ba. Wa kake kwaikwayo?"

"Wani yaro ne a Kansas, Koci. Ba ka san shi ba."

"Ya yi nisa a wasan?"

"Bai samu dama ba."

"Ba mamaki," in ji Dupree, ya mayar da hularsa. "To shi za ka yi mana ranar Asabar. Kana ganin za ka iya riƙe shi har ƙarshen wasa?"

Lonnie ya sunkuya ya ƙarasa ɗaure takalminsa.

"Zan gwada, Koci. Na daɗe ban yi shi ba."