Waƙar da Aka Ce Ba Ta da Mai Ita

Wata huɗu bayan aikin da aka yi mata a maƙogwaro, Zabiya ba ta da sauran murya sai raɗa. Matar da ta yi shekara talatin tana cika ɗakin taro da muryarta, yanzu in tana son ruwa sai ta buga cokali a jikin kofi. Likitar da ke duba ta ta ce ta riƙa busa wani abu kullum don numfashinta ya yi ƙarfi. Shi ne Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta kawo mata sarewar roba irin ta 'yan makaranta da wani ɗan littafi mai koren bango: waƙoƙi arba'in, tsofaffi da na yayi, an sauƙaƙa su don mai koyon busa.

"Ni za ki kawo wa kayan wasan yara?" Zabiya ta raɗa.

"Mama, minti goma ne kawai a rana. Likita ce fa ta ce."

Sarewar ta yi mako guda a kan firji tana shan ƙura. Zaman kaɗaici ne ya sa ta ɗauko ta. Littafin bai da wuya: an zana ramukan sarewar, baƙi a toshe, fari a buɗe, sauran kuma kunnenta ya ƙarasa. Kafin wata ya zagayo ta ci rabin littafin, tana busawa tana tsaki.

Ranar wata Talata da hantsi ta buɗe shafi na ashirin da uku. An rubuta "Tsallen Zomo", a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe: "Waƙar gargajiya, ba a san mai ita ba. A busa da sauri, cikin nishaɗi." Ta busa layin farko, yatsunta suka tsaya cak. Ta sake busawa a hankali.

Waƙarta ce. Tana da shekara ashirin da shida ta tsara ta, a ɗakin baya na gidan mahaifinsu, a makon da aka kawo gawar yayanta direban babbar mota. Waƙa ce mai tafiya a hankali, kowane baiti yana gangarowa ya sauka can ƙasa, inda muryar takan kusa ɓacewa. Shekaru aka yi ana sa ta a rediyo. A littafin nan kuwa an datse gangarowar, an ɗaga ƙarshen sama, an zana zomo mai haƙora biyu yana dariya a gefen shafin.

Ta buga cokali a kofi har sai da kofin ya tsage.

A bayan littafin akwai adireshin wanda ya haɗa shi, wani malamin kiɗa a makarantar firamare. Washegari ta sa Auta a gaba suka shiga bas.

Suka same shi lokacin hutun tara a ɗakin kiɗa, wani dogon mutum mai furfura a gemu, ya naɗe hannun riga yana wanke sarewun ɗalibai a bokitin ruwan sabulu, yana jera su a kan tawul. Katan uku na koren littafin suna jibge a bayan ƙofa. Zabiya ba ta jira kujera ba. Ta buɗe shafin, ta danna shi da yatsa, ta jawo Auta ta raɗa mata a kunne: "Ki ce masa shi ɓarawo ne, kuma kurma."

Auta ta yi gyaran murya. "Malam, Mama na cewa kamar akwai ɗan kuskure a nan."

Zabiya ta daki tebur har sarewa biyu suka gangaro ƙasa. Ta ture Auta gefe, ta matso dab da malamin. Raɗarta kamar ana goga takarda a bango.

"Ba kuskure na ce ba. Ɓarawo na ce. Waƙata ce wannan."

Malamin ya goge hannu a wando. "Hajiya, a yi haƙuri, a zauna tukuna. Ni a bakin mahaifiyata na ji ta, tana guga tana rerawa. Na je gidan rediyo na tambaya, suka ce tsofaffin kaset ɗin duk sun lalace. Na tambayi mutum ya fi goma. Kowa cewa yake ai tsohuwar waƙa ce."

"Tsohuwa? Ga ni a gabanka. Na yi maka kama da gawa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Zomon fa? A bakin mahaifiyarka ka ji zomo?"

Ya sosa ƙeya. "Yara ba sa son waƙa mai sanyi. Sautin ƙarshen kuma sai an toshe duk ramukan, har na ƙasa da ƙaramin yatsa. Yatsun 'yan aji uku ba sa kaiwa. Shi ya sa na ɗaga shi." Sai ya ƙara, yana kallon bokiti: "Kuma gaskiya, Hajiya, kowa na iya shigowa nan ya ce tasa ce."

Auta ta ce, "Haba Malam!" Zabiya kuwa ta fizgo sarewarta daga jaka. Za ta nuna masa. Ta busa baitin kamar yadda ta tsara shi, a hankali, har ta iso gangaren, ta toshe ramukan duka. Sarewar ta yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta sake, ta kuma yin ƙarar. Sautin ƙasa ba ya fita sai da lallausan numfashi, ita kuwa ƙirjinta tafasa yake. Karo na uku tari ya sarƙe ta, ta dafa tebur, hawayen takaici suka cika mata ido. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda malamin ya yi saurin miƙo mata ruwa, fuskarsa cike da tausayi.

Ta ture kofin. Da tarin ya lafa, ta dube shi ta ce, "Mahaifiyarka baiti nawa take yi?"

"Biyu. Na ukun takan fara, sai ta ce ta manta."

"Fara shi."

Ya rera rabin layi da wata murya mai kunya, ya tsaya inda tsohuwar takan tsaya. Zabiya ta ɗora daga nan. Babu waƙa a ciki, raɗa ce kawai, kalma bayan kalma: motar da aka jawo gida babu gilashi, takalmin da aka miƙo wa uwa a leda, sunan yayanta a layin ƙarshe. Malamin ya nemi kujerar yara ya zauna a kai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Wallahi ban san ta mutuwa ba ce," ya ce. "In an sake bugawa zan sa sunanki."

"In an sake? Waɗannan fa?" Ta nuna katan-katan ɗin da sarewa.

"Hajiya, kwafi ɗari huɗu ne."

"Kana da biro ai."

Auta ta fara cewa za su makara bas, kallo ɗaya uwar ta yi mata ta haɗiye sauran. Aka jawo katan na farko. Malamin yana soke "ba a san mai ita ba" yana rubuta sunan Zabiya, Auta tana soke "da sauri, cikin nishaɗi", ita kuma Zabiya ta karɓi jan biro ta ɗauki zomon a matsayin nata aikin. Wani wurin har takardar ta huje.

Sautin ƙarshen ne suka kasa daidaitawa. Ya ce yara ba za su iya ba, ta ce to ya koya musu, aikinsa ke nan. Ya ce sai dai 'yan aji shida, ta ce bai dame ta ba ko 'yan jami'a ne. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi sun gama katan ɗaya da rabi, kuma ya yarda zai zana gangaren a ƙaramar takarda ya liƙa a kowane kwafi. Waɗanda aka riga aka sayar, sama da ɗari biyu, ya ce babu yadda zai yi da su. Ta tsaya tana kallonsa har ya sunkuyar da kai. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba.

A bakin ƙofa ta juyo. "Jibi zan dawo. In ga takardar kafin ka liƙa."

A cikin bas, bayan sun wuce tasha biyu, Auta ta ce, "Mama, mutumin nan fa ba mugu ba ne."

Zabiya ta jawo ta kusa, yatsunta duk jan tawada.

"Ba shi nake tunani ba yanzu. Ke ce. Daga yau in na ce ɓarawo, ki ce ɓarawo. In ba za ki iya ba, ki yi shiru in faɗa da kaina, ko da mutum ɗaya ne zai ji."

Auta ta ce to.