Takwaran Yaya

Tun ranar da Auta ya gaya wa yayarsa cewa wani tsuntsu ya ci sunanta, ba ta bar shi ya sha ruwa ba. Kullum sai ta bugo waya, yaushe za a kai ta ta ga takwaranta? Yau ya ce mai makulli ba ya nan, gobe ya ce ana fenti, har ƙaryar ta ƙare masa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Auta yana aiki ne a sashen binciken tsuntsaye na wata jami'a. A sana'arsu, wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa sunan kimiyya. Yawanci sunan wani babba ake ɗaukowa a liƙa masa wutsiyar Latin, ya zauna ke nan har bayan ran kowa. Auta ya sa na Yaya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Abin da bai faɗa mata ba shi ne, shugaban sashensu ya ce hoto ba ya isa, sai an ajiye gawar tsuntsu guda a durowa don masu zuwa su gwada. Auta ya kafa raga a ciyayin bayan gidan Yaya har ya gaji, tsuntsayen sun fi shi wayo. Ɗaya ne kawai ba ya gudun mutum, wanda ke sauka a tagar kicin ɗinta yana cin tsaba a tafin hannunta. Ranar da ta tafi asibiti duba ido, Auta ya tsaya a tagar ya buɗe nasa tafin. Tsuntsun ya sauka.

Ga ta yau a wurin aikinsa, ta ci ado kamar mai zuwa karɓar lambar yabo, har da sabon tabarau. Ɗakin ajiyar sanyi ƙalau, yana warin kafur, durowoyi tun daga ƙasa har sama.

"Nan kake wuni? Shi ya sa ba ka ƙiba," in ji ta.

Ya yi dariyar yaƙe. Kunya da tsoro suka hana shi nufar inda ya kamata, sai ya shiga jawo wasu durowoyin. Wannan sunan wani gwamna ya ci, wancan na matar wani farfesa, wannan kuma na wani likita ne da bai taɓa ganin tsuntsun ba.

"Duk sun mutu? Masu sunan da tsuntsayen?"

"Duka, Yaya."

"To ni da raina. Daina kewaye-kewaye, nuna min nawa. Ka ce irin na tagata ne, ko? Allah sarki, shi ma ya daina zuwa."

Ya jawo durowar. Tsuntsun na kwance rigingine, zoben rawaya a wuyansa, auduga a gurbin idanunsa, an ɗaure ƙafafunsa da zare. Yaya ta sunkuya tana murmushi. Ta gyara tabarau, ta kai ɗan yatsa ta shafa ƙafar hagu, inda farce ɗaya ya gutsure. Murmushin ya tafi a hankali.

"Wannan ƙafar na san ta. A hannuna take tsayawa."

"Yaya, so na yi sunanki ya daɗe a duniya."

"Na roƙe ka?"

Ya so ta zage shi, ko ta kwaɗa masa mari irin na ƙuruciya, da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa sai ta tambaya ko ana iya cire sunan. Ya ce an riga an buga, ba ya ciruwa.

Ta mayar da durowar da kanta, sannu a hankali, don kada ta yi ƙara.

"Kai ni gidan maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu," ta ce. "Kyanwarta na ɗora wa laifin ɓacewarsa. Na tsaya a ƙofarta na faɗa mata maganganu, har ta kai kyanwar nesa ta yar, yaran suna kuka. Tun lokacin ko gaisawa ba ma yi."

Auta ya miƙa hannu zai ɗaukar mata jaka. Ta riga shi ɗauka.

"Bar ta, zan iya."