Gora Mai Tsaga

A shekarar da gyaɗa ta yi albarka har mutanen ƙasar Kiru suka fara sayen abin da ba su san amfaninsa ba, Maikano ya sayi keke. Ba wai yana da wurin zuwa ba ne. Gonarsa tana bayan gida, masallaci yana gaban gida. Saboda Lado ya saya.

Lado shi ne manzon mai gari a ƙauyensu, kudu da Dangora. Shekara ashirin yana kai takarda a ƙafa, yau Kiru, gobe Bebeji, wata rana har Doguwa. Abin da yake yi ba gudu ba ne, ba kuma tafiya ba, sassarfa ce iri ɗaya daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Yana da gora mai tsaga a ka, inda ake maƙala takardar ya ɗaga ta sama. Duk wanda ya ga gorar nan a tsaye ya san saƙo ne ke wucewa, ba mutum ba. Ko liman ne sai ya ce "Allah ya kai," Lado ya girgiza gora, an gaisa ke nan.

Rana ɗaya aka yi wa Maikano da Lado kaciya. Lado ya yi kuka, Maikano bai yi ba, kuma har yau yana ganin gari ya yi saurin mantawa da wannan. Yanzu yana da rumbu huɗu, Lado yana da riga ɗaya. Amma da yamma ta yi, kowa hanya yake dubawa, har Safara'u matar Maikano takan leƙa ta kan danga ta ce, "Ko Lado ya dawo?"

"Ke kika aike shi?"

"A'a, Malam. Ina dai son in ga shigowar ne."

Shi Maikano ya shigo gidan nan ya fi sau dubu, ba wanda ya taɓa leƙowa.

Da ya koyi hawan keken, bayan ya zubar da tulun mutane biyu, sai ya je gaban mai gari ya faɗi. "Ranka ya daɗe, zamani ya juya. Hukumar En'e ma keke take ba masinjojinta. Lado ya yi ƙoƙari, a bar shi ya huta."

Mai gari tsoho ne da ya daɗe bai ga abin dariya ba. Dama yana da saƙo zuwa ga wani Malam Abdussalami na Tudun Wada, kan bijiminsa da ya ɓace aka ce an gan shi a can. Ya sa liman ya rubuta takardar kashi biyu, ya ce wanda ya fara kawo amsa, manzanci nasa ne. Ya kuma ce a tsaga wa Maikano gora.

"Gora a kan keke?" in ji Maikano. "Ranka ya daɗe, ai ba kiwo za ni ba." Ya ninke takardarsa ya tura cikin hula.

Lado ya ce, "Ka san Malam ɗin kuwa?"

"Ina da baki, zan tambaya."

Suka tashi bayan asuba, tsakiyar damina. Kafin Lado ya fita daga gonakin gari, Maikano ya ɓace. Iska tana kaɗa masa riga, ya ji a ransa haka ya kamata duniya ta kasance tun farko.

Sai ga Baba Ubale, kawun Safara'u, a bakin gonarsa. Mutum ba ya gaida suruki daga kan sirdi. Maikano ya taka burki, ya sauka, ya jingine keke, ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Barka da asuba, Baba."

"A'a, Maikano! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya ruwa? Yaya 'yar tawa? Wannan ne dokin ƙarfen? Me yake ci?"

Ana cikin bayanin abin da yake ci, sai ga sautin ƙafa. Lado ne, gora a sama. Baba Ubale ya ce "Allah ya kai," ya juyo ga Maikano. "To, ina muka tsaya? Yaya awaki?"

Haka aka yi ta yi. A damina duk dattijon ƙasar nan yana bakin hanya da fartanya, kuma kowannensu ya san uban Maikano. Wani malami ya tsayar da shi ya yi wa keken addu'a, doguwa, wadda ba a tashi a tsakiyarta. A wani rafi da ya kawo, Maikano ya ɗora keken a ka ya tsallaka da shi, abin da ya saya don ya ɗauke shi. Sau biyar yana wuce Lado, sau biyar Lado yana wuce shi a tsugune, kuma kowane karo sai ya ce, "Sannu, Maikano." Da zagi ne da ya fi sauƙi.

Da hantsi ya yi sosai, Maikano ya cim ma Lado a wani hawa. Ya rage gudu suka jera. Lado ya jiƙe sharkaf, leɓensa ya bushe.

"Wai kai ba ka gajiya?"

"Tun rafin farko na gaji."

"To me ya hana ka tsayawa?"

"In na tsaya ma a gajiye nake. Gara in gaji ina matsawa." Ya ja numfashi. "Nakan ce wa ƙafa, kai ni tsamiyar can kawai. In mun je, in nuna mata wata."

Maikano bai yarda ba. Magana mai sauƙi haka, ai ɓoye wani abu ake yi. Ya dubi gorar, ya ƙudura a ransa akwai laya a cikinta. Ya kuma rantse ba zai ƙara sauka ba, ko kakansa ne ya taso daga kabari.

Dab da Tudun Wada, ga wani tsoho a bakin hanya, da malafa da yagaggiyar riga, taɓo har gwiwa. Tsohon ya ɗaga hannu. Maikano ya kaɗa masa ƙararrawa, ya bi ta cikin kwatami ya watsa masa ruwa, ya wuce. Wannan ne karo na farko da ya ji daɗin kekensa a ranar.

Ya shiga gari kafin azahar, ya tambayi gidan Malam Abdussalami, ya yi sallama da ƙarfi. Wata tsohuwa ta amsa daga cikin zaure. "Malam yana gona. Ai ta gabansa ka wuce in daga arewa kake. Mai malafa, a bakin hanya."

Komawar ta fi zuwan tsawo, ko da yake hanyar ɗaya ce. Ya tarar da Lado tsugune gaban tsohon, gora a kwance a ƙasa. In gora ta kwanta, Lado mutum ne kamar kowa, kuma yana cikin tambayar lafiyar jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Malam ya riga ya karanta takarda. Ya raɗa wa Lado amsa a kunne, ya rataya carbinsa a tsagar gorar don shaida. Lado ya kurɓi ruwa, ya miƙe, ya ce, "Sannu, Maikano," ya kama hanya.

Maikano ya tsuguna, ya cire hula ya miƙa tasa takardar. Gumi ya wanke tawadar tas, abin da ya rage yana goshinsa.

Malam ya juya takardar gaba da baya. "Wannan ai rubutun sha aka yi maka, ka sha ta ka." Ya ajiye ta. "Ɗana, ɗazu ƙarfenka ya gaishe ni, na kuwa amsa masa. Kai ne ban ji ba. Ɗan gidan wa?"

Ashe ya san uban Maikano shi ma. Ya san kakansa. Aka yi azahar tare, aka ci dambu, aka koma kan kakan. Da Maikano ya samu ya sako maganar amsa, Malam ya ce, "Amsa ɗaya ce, ta kuwa tafi."

A hanyar dawowa dattawa sun tashi daga gona, ba wanda ya tsayar da shi. Ya wuce Lado kamar tsuntsu, ya iso gari rana da sauranta. Jama'a sun cika ƙofar mai gari. Shekara ashirin yana jiran ya shigo a dube shi, ga shi an dube shi.

"Madalla," in ji mai gari. "Kai ka fara isowa. Ina amsa?"

"Ranka ya daɗe, tana tafe."

"A ƙafa?"

"A ƙafa."

Aka matsa masa wuri ya zauna cikin masu jira. Rana na shirin faɗuwa gorar ta ɓullo ta kan dawa, carbi yana lilo. Wata mace ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Maikano ya san muryar, kullum ita ke kiransa cin tuwo.

Washegari da sassafe ya sare gora, ya tsaga kanta, ya ɗaure a kan keke, ya nufi gonar Baba Ubale don ya gwada. Ya taho da gudu, ƙirji a buɗe, yana jiran "Allah ya kai."

Baba Ubale ya dafa fartanya, ya dubi tsagar, ya ga ba komai a ciki.

"Kai, Maikano! Sauko mana. Ina kwana?"

Maikano ya taka burki.