Okid Saba'in da Huɗu

Baki shi ke yanka wuya, na Donbok kuwa ya yanka.

Shekara goma sha ɗaya yana sauka da igiya a wani gangaren dutse bayan ƙauyensu, a tuddan Khasi. Neman zuma ya kai shi, ya tarar da furen okid fari fat, mai leɓe kamar ɗan takalmi. Ko matarsa ba ta san wurin ba. Uku yake cirewa a shekara, ya kai wa Kyrshan, dillalin birnin Shillong mai tura su ƙasashen waje a kwalin ganyen shayi. Sauran kuwa yana tattalinsu, har dodon-koɗi yake tsince musu. Son su yake, ba wasa ba.

Ran nan Kyrshan ya tambaye shi, har da lakabin girmamawa na ƙasarsu, kamar ba da komai ba, "Bah Donbok, nawa suka rage?"

Shi kuwa gogan manomin lemo ne, a saninsa mai saye yawa yake so. Ya daki ƙirji ya ce, "Saba'in da huɗu, Bah. Ba za su ƙare ba."

Kyrshan bai yi dariya ba. Kwana uku sai ga shi da ƙarti biyu da tankin feshi.

"Mai sayen da nake tura wa ya gaya wa abokansa biyar suka rage a duniya," in ji shi. "Kana so a mai da shi maƙaryaci? Ciro mini biyar, sauran ka yi musu wanka."

"Bah, ku kwashe su duka mana, su rayu a wani wuri."

"Ji shashasha. Wa ke tsada da abin da ke tuli?" Ya nuna masa waya: ga Donbok yana washe baki, riƙe da fure. "Masu tsaron daji za su so hoton nan. Shekara nawa kake jin za ka yi a kurkuku?"

Haka Donbok ya sauka da tanki a baya. Ya aika biyar sama cikin kwando, sannan ya fara feshi. Maganin ciyawa na ɗiga daga fararen leɓunan nan, shi kuwa yana kuka, kukan ƙato mai ban kunya. Daga sama Kyrshan na leƙowa yana cewa, "Ga wani can hagunka, Bah, kar ka yi masa rowa."

A wani tsagi da ido ba ya kaiwa daga sama, akwai ɗan tsiro mai ganye biyu, bai kai ɗan yatsa ba. Donbok ya juya baya, ya zare shi da saiwarsa, ya cusa a jakar kwai ɗinsa, wato goron ƙasarsu, tsakanin ganyen taunawa da gwangwanin farar ƙasa. Ɗaya ma ya isa, in ji zuciyarsa. Akwai wasu duwatsun da zai dasa shi.

Da ya hau, ƙartin suka lalube aljihunansa da cikin rigarsa, ba komai. Kyrshan ya zauna kan dutse ya miƙe ƙafa.

"Aiki ya yi kyau. To, ba za a ba baƙo kwai ba?"

Wa ya taɓa hana baƙo kwai a ƙasar nan? Hannun Donbok ya riga hankalinsa, ya kai ga jakar, sannan ya tsaya cak. Tsayawar nan Kyrshan ya gani. Ya karɓi jakar da kansa ya buɗe, ya daɗe yana kallon ciki.

Bai yi faɗa ba. Ya zaɓi ganye mai kyau, ya shafa farar ƙasa, ya ɗora ƙwayar kwai, ya kwantar da ɗan tsiron a kai, ya naɗe tsaf, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Mai gida ke farawa, Bah."

Ƙartin suka matso. Donbok ya karɓa ya sa a baki. Saiwar ta yi ƙaras a haƙorinsa.

"Tauna da kyau," in ji Kyrshan. "Ba sauri muke ba."