Huɗu da Rabi

Shekara bakwai Malam Musaddiƙ yana ƙirga abu guda, har furfura ta cinye masa gemu. Ɗan Roni ne, yana koyar da lissafi a wata kwaleji a Kazaure, yana kuma neman digirin dakta a Kano. Jami'a ta gaji da shi: ko ya kai kundinsa ranar Alhamis, ko a soke sunansa. Ga shi yau Talata.

In ka tambaye shi me yake ƙirgawa, sai ya ce ka ɗauki ƙwallo ka lulluɓe ta da mayafi ninki uku, ninkin suna haɗewa a wuri huɗu. Hanya nawa za a yi hakan? Daga nan sai ninki huɗu, biyar, har takwas. Mutane kan ce Allah ya taimaka, su yi gaba.

Da azahar yana zaune a shagon Sama'ilu mai ɗinke littattafai, ana jiran a kawo wuta. Don rage zaman ya buɗe shafi na sha biyu na kundin, inda misali mafi sauƙi yake, wato mai ninki uku. Amsa: huɗu da rabi.

A wannan fanni rabi ba abin mamaki ba ne, don lulluɓin da ka juya bai canza ba, rabi ake ba shi. Shi ya sa bai taɓa kawo komai a ransa ba. Yau dai tsautsayi ya sa ya zaro biro, ya sake jera hanyoyin a bayan ambulan: ashirin da bakwai, a raba gida shida, huɗu da rabi ke nan. Sai ya ga uku a ciki, ninki biyu sun haɗe, na ukun yana gefe shi kaɗai. Ai wannan ba lulluɓi ɗaya ba ne, biyu ne! In an cire su saura ashirin da huɗu, a raba gida shida, amsar huɗu ce cif.

Innalillahi. Babi huɗu ya gina a kan wannan ƙirga.

Ya kira Farfesa Rahamatu, mai duba aikinsa.

"Ranki ya daɗe, na haɗa da rababbu a ƙirgar."

"Tun daga ina?"

"Tun daga farko."

"Kash! Ni ma na sa hannu ban gani ba. Gyaran wata nawa?"

"Shida, in an yi sa'a."

"Alhamis fa, Malam."

"Na sani, ranki ya daɗe."

Wata zuciyar ta ce ya kai haka nan, wa zai tsaya bin shafi na sha biyu? Amma shi ya riga ya gani. Bai ji fushi ba, gajiya ya ji, har cikin ƙashi.

Aka kawo wuta, Sama'ilu ya miƙo hannu.

"Kawo mu ɗinke, Malam."

"Bar shi."

"Haba Malam! Bangon fa tun jiya na gama."

Ya ɗauko masa shi, baƙi, sunansa da ruwan zinare. Musaddiƙ ya shafa rubutun, ya buɗe, ya rufe.

"Ya yi kyau," ya ce. "Takardun, ka ba mai ƙosai."